Coventry da Nottingham: a sawun waɗanda suka ƙera keke

Daga tashar Euston ta Landan zuwa Coventry tafiyar kamar awa guda ce a jirgin ƙasa. Ɗan yayata da ke karatu a garin shi ya tare ni, kuma tun ba mu fito daga tasha ba ya fara ba ni haƙuri, wai garin nasu ba shi da abin kallo, in yawon buɗe ido nake so gara mu wuce Birmingham. Na ce masa keke na zo gani. Ya tsaya ya dube ni ya ce, "Kawu, keke kuma? Tun daga Kano?"

Ban ga laifinsa ba. A daren 14 ga Nuwamba 1940 jiragen yaƙin Jamus sun yi wa tsakiyar Coventry ruwan bama-bamai, aka sake gina ta da kankare bayan yaƙi, aka kuma zagaye ta da wani titin motoci da ke sa mai tafiya a ƙasa ya ji kamar ba a yi garin dominsa ba. In ba an gaya maka ba, babu abin da zai nuna maka cewa keken da ka sani, mai wili biyu daidai da juna da kaca da feda a tsakiya, a nan aka fitar da siffarsa.

Muna gangarowa daga tasha, a gefen wani fili mai ciyawa da ake kira Greyfriars Green, muka iske wani dogon dutse da aka kafa a 1884 don tunawa da James Starley. Mutane na wucewa ba mai ɗaga kai. Starley ɗan manomi ne daga kudancin Ingila, bai yi wani zurfin karatu ba, aikin lambu ya fara yi a Landan kafin a gane hannunsa na da baiwar gyaran inji. Keken ɗinki ya kawo shi Coventry. Lokacin garin na cikin wani hali, domin saƙar ribin ɗin siliki da mutane suka dogara da ita ta durƙushe bayan yarjejeniyar ciniki da Faransa ta 1860, sana'ar agogo kuma ta fara fuskantar gasa daga waje. Wato ga hannuwa da suka saba da aikin ƙananan ƙarafa, ga zaman banza. A ƙarshen 1868 wani saurayi, Rowley Turner, wakilin kamfanin keken ɗinkin a Paris, ya sauko daga jirgi da wani sabon abin hawa na Faransawa, ya shawo kan kamfanin su ƙera guda 400 don a kai kasuwar Faransa. Yaƙin Faransa da Prussia na 1870 ya rufe waccan kasuwa, dole aka nemi masu saye a gida. Daga nan Coventry ta zama garin keke.

Gidan tarihin sufuri na garin yana can ƙasan birni. Yawancin masu shiga motoci suke nufa, musamman ThrustSSC, motar nan da ta zarce gudun sauti a 1997. Ɗan yayata ma can ya so mu fara. Na ja hannunsa zuwa ɓangaren kekuna, inda aka jera su bisa shekaru, mutum na tafe yana ganin abin na canja kama.

Abin da ya kawo ni, bayan son keken kansa, shi ne batun takardar mallakar ƙirƙira. Tsarin mai sauƙi ne a baki. Ka ƙirƙiro abu, ka rubuta yadda yake aiki dalla-dalla, ka miƙa wa hukuma. Ita kuma ta ba ka wasu shekaru da babu mai ƙera shi ko sayar da shi sai da izininka. Wa'adin na cika, kowa na iya ɗauka. An ce an yi haka ne don mai ƙirƙira ya ci guminsa. Na bi jerin kekunan nan ina tambayar kaina a gaban kowanne: shi wannan, wa ya ci?

Na farko a jerin ko feda ba shi da ita. Katako ne da wili biyu, gaba da baya, da sirdi a tsakiya, mahayi na tunkuɗa ƙasa da ƙafa. Asalinsa na Karl von Drais ne, ɗan sarauta kuma ma'aikacin gandun daji a ƙasar Baden, wadda yanzu take cikin Jamus. Ranar 12 ga Yuni 1817 ya hau shi daga Mannheim, ya yi kimanin kilomita 13 zuwa da dawowa cikin kamar awa guda. Wasu masana tarihi na danganta ƙirƙirar da aman wutar dutsen Tambora na Indunusiya a 1815, wanda ya jawo lalacewar amfanin gona a Turai a shekarar da ta biyo, abincin dawaki ya yi tsada. Ko ma mene ne ya tunzura shi, Drais ya gano abin da dukan sauran suka hau kai: wili biyu a layi ɗaya ba sa faɗuwa muddin suna tafiya kuma na gaban na juyawa. A Janairun 1818 sarkin Baden ya ba shi takardar mallaka ta shekara 10. Sai dai takardar iyakarta Baden, kuma Baden ƙaramar ƙasa ce. Kafintoci da maƙeran keken doki a ko'ina suka kwaikwaya abinsu. A Landan wani Denis Johnson ya yi masa 'yan gyare-gyare ya karɓi tasa takardar a ƙarshen 1818, samarin masu kuɗi suka yi yayinsa na ɗan lokaci har hukumomi suka hana hawansa a gefen titi saboda bankaɗe masu tafiya. Shi kuwa Drais ya ajiye sarautarsa lokacin boren Baden na 1849, waɗanda suka murƙushe boren suka riƙe masa fansho, ya rasu a Karlsruhe a 1851 ba shi da komai.

Kusan shekara hamsin abin ya yi a kwance. Sai a Paris, a farkon shekarun 1860, wani ya ɗaura feda a jikin wilin gaba. Wane ne? Nan fa ake yinta. Iyalan maƙeri Pierre Michaux sun ce su ne, kuma lallai da sunansu aka fara ƙera shi da yawa, da kuɗin wasu 'yan'uwa masu suna Olivier. Amma takarda mafi tsufa da ke nuna keke mai feda ba a Faransa take ba. A Amurka take, lamba 59,915, mai ɗauke da kwanan wata 20 ga Nuwamba 1866, da sunan Pierre Lallement, wani saurayi maƙerin keken jarirai da ya bar Paris a 1865 ya sauka Ansonia a jihar Connecticut. Ya nemi mai zuba jari bai samu ba, ya koma Faransa, ya tarar kowa na hawa abin da yake ganin nasa ne. Da yayin ya tsallaka Amurka a 1869, wani ɗan kasuwar New York, Calvin Witty, ya saye takardar, ya bi masu ƙera keke ɗaya bayan ɗaya yana karɓar kuɗi a kan kowane keke. Bayan shekara kusan goma ta faɗa hannun Kanar Albert Pope na Boston, mai kekunan Columbia, wanda ya tattara duk wata takarda da ta shafi keke, ya ɗora dala 10 a kan kowane keken da wani ya ƙera ko ya shigo da shi, ya kuma ajiye lauyoyi don mai taurin kai. Har wa'adin takardar ya cika a 1883 kasuwar Amurka a tafin hannunsa take. Lallement ya dawo Amurka, ya yi wa Pope shaida a kotu, ya yi aiki a ƙarƙashinsa, ya mutu a Boston a 1891 cikin talauci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na tsaya gaban irin wannan keke na daɗe. Wilinsa katako ne da aka naɗe da ƙarfe, gangar jikinsa ƙarfe mai nauyi. A kan titin duwatsu na zamanin, duk wanda ya hau sai haƙoransa sun gaisa. Duk da haka a Nuwamban 1869 aka yi tsere daga Paris zuwa Rouen, kilomita 123, wani Bature ɗan Ingila mazaunin Faransa, James Moore, ya cinye cikin awa goma da ɗoriya. A shekarar ce Jules Suriray ya karɓi takarda a kan 'yan ƙwallayen ƙarfen da ke sa wili juyawa sumul, Eugène Meyer kuma ya karɓa a kan wili mai siraran wayoyi.

A nan zan ɗan kare takardar, don kada a ce na zo da ƙiyayya. Tarihin keke cike yake da ƙarya, kuma kishin ƙasa ne ke haifar da ita. Wani ɗan jaridar Faransa a 1891 ya ƙirƙiro wani basarake, Sivrac, ya ce shi ya fara yin keke a 1791, don kawai kada a bar wa Bajamushe. An shekara da shekaru ana koyar da wannan. A 1974 aka ce an ga zanen keke mai kaca a cikin takardun Leonardo da Vinci, yanzu yawancin masu bincike sun tafi a kan cewa wani ne ya zana daga baya. Mutanen Scotland na da nasu maƙerin, Kirkpatrick Macmillan, wanda suka ce ya riga kowa tun 1839, amma labarin sai bayan mutuwarsa ya bazu, daga bakin danginsa da masu kishin yankin. A cikin wannan hayaniya takardar mallaka ce kaɗai ke zuwa da zane da kwanan wata da hatimi. Ba ta ciyar da Lallement ba, amma ita ta hana a shafe sunansa.

Daga nan jerin ya miƙe sama. Tunda feda a jikin wili take, juyi ɗaya na ƙafa juyi ɗaya ne na wili, don haka mai son gudu sai ya ƙara girman wilin. Starley da abokinsa William Hillman suka karɓi takarda a 1870 a kan keken da suka kira Ariel, na ƙarfe zalla mai wayoyin da ake ɗaurewa su yi tauri. A 1874 Starley ya zo da saƙar wayoyin a karkace suna gittawa da juna, irin wadda har gobe ita ce a wilin kowane keke. Wilin gaba ya yi ta girma har ya kai wajen mita ɗaya da rabi. Ɗan yayata ya tsaya kusa da wani, sirdin ya kai masa kafaɗa. Ya ce, "Kawu, wannan in dutse ya tare ka fa?" Na ce da ka za ka sauka, kuma da yawa sun sauka haka. Abin hawan samari ne masu kuɗi da ƙarfin hali. Mata da dattawa sai mai ƙafa uku, kuma a kansa ne Starley ya yi aikin da ya fi burge ni. Ya lura in an zo kwana wilin waje na bukatar ya fi na ciki gudu, sai a 1877 ya karɓi takarda a kan wani haɗin haƙoran ƙarfe da ke raba ƙarfi tsakanin wili biyu, kowanne ya yi gudun da ya dace da shi. Duk bakaniken da ya taɓa buɗe aksil ɗin bayan mota ya san wannan abu. Sarauniya Victoria ta sayi irin keken guda biyu a 1881, shekarar da Starley ya rasu.

Sai muka iso inda na fi so. Keke ne baƙi, marar ado, wanda in ka jingina shi a ƙofar wani masallaci a Kano ba mai waiwayowa. Rover ke nan, na John Kemp Starley, ɗan ɗan'uwan James. Ya fito da shi a 1885, cikin 'yan shekaru kuma ya daidaita siffarsa. Babu wani ɓangare nasa da za a ce sabo ne fil. Harry Lawson ya riga ya karɓi takarda a 1879 a kan keke mai kaca zuwa wilin baya, bai samu kasuwa ba. Kaca mai inganci kuwa Hans Renold, ɗan Suwizalan da ke zaune a Manchester, ya yi ta a 1880. Abin da ƙaramin Starley ya yi shi ne ya ajiye komai a mazauninsa: mahayi a ƙasa-ƙasa tsakanin wili biyu, feda a ƙarƙashinsa inda ƙafa ke da ƙarfi, faranti babba a gaba da ƙarami a baya don kaca ta ninka gudu, kan keke kuma haɗe kai tsaye da wilin gaba. Kuma bai karɓi takardar mallaka a kan wannan siffa ba. Kowa ya kwaikwaya, a Coventry da Birmingham da Faransa da Amurka, kafin shekara goma dogon keken nan mai ƙaton wili ya zama kayan tarihi. A ganina wannan rashin shinge yana cikin dalilan da suka sa keke ya yi arha da wuri har ya isa hannun talaka. Shi ma Starley bai tashi a tutar babu ba, kamfaninsa ya bunƙasa, bayan rasuwarsa a 1901 ya koma ƙera motoci, kuma daga zuriyarsa Land Rover ta fito.

Lawson kuwa ya ɗauki darasin Pope. Da mota ta fara shigowa, ya shiga sayen takardun mallakarta don duk mai ƙera mota a Birtaniya ya biya shi. Kotu ta karya wannan shiri, a 1904 kuma aka ɗaure shi shekara guda kan zambar hannun jari.

Saura taya. John Boyd Dunlop likitan dabbobi ne a Belfast, ɗansa na kukan girgizar ƙaramin kekensa, sai ya naɗa masa roba mai iska a wili. Ya karɓi takarda a 1888. A 1889 wani Willie Hume ya hau irin tayar a tseren Belfast, 'yan kallo na dariya, ya cinye. Ɗan kasuwa Harvey du Cros ya kafa kamfani tare da Dunlop. A 1890 sai ga labari mai ɗaci: wani ɗan Scotland, Robert William Thomson, ya riga ya yi rajistar taya mai iska tun 1845, don keken doki, duniya ta manta. Takardar Dunlop ta zama wofi. Du Cros bai karaya ba, ya saye takardun wasu mutum biyu, Welch da Bartlett, waɗanda suka gano yadda taya za ta kama bakin wili kuma a iya cire ta a yi faci. Da takardun nan kamfanin ya riƙe kasuwa, a 1896 aka sayar da shi fam miliyan 3, aka juya aka sayar wa jama'a hannun jarinsa a kan miliyan 5. Dunlop ya riga ya janye, bai samu wani abin kirki daga wannan ba. Hatta ɗan bawul ɗin nan mai siririyar roba a ciki, wanda masu faci suka sani a tsofaffin kekunanmu, wani Woods ne ya ƙirƙiro shi, amma da sunan Dunlop ake kiransa a ƙasashe da yawa.

Akwai kuma waɗanda ko sunansu ba a rubuta ba. Yayin keke na shekarun 1890 ya sa duniya neman roba ido rufe, kafin gonakin roba na Asiya su fara bayarwa. Daga daji ake tatso ta, a Amazon da Kwango. Abin da ma'aikatan Sarki Leopold na Beljiyam suka yi wa mutanen Kwango a kan robar nan, garkuwa da mata da yanke hannuwa da ƙone ƙauyuka, yana cikin farashin tayar da na tsaya ina yabawa.

Na bar ɗan yayata ya je ya ga motarsa mai gudun sauti, na zauna na huta.

Nottingham, mahaifar keken Raleigh da muke kira Rali, ni kaɗai na tafi, sai da na canja jirgi a hanya. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san abin da Rali yake nufi a da: keken malamin makaranta da ma'aikacin En'e da ɗan kasuwar da gyaɗa ta yi wa albarka, mai kan zalɓe a goshi, ana naɗe shi da leda kala-kala don kada ya ƙuje. Har masana'antar haɗa shi an yi a Kano. Tallarsa a Afirka ma sananniya ce, mutum a kan keke yana murmushi zaki na bin sa a baya. Na nemi titin Raleigh, inda wasu mutum uku ke da ƙaramin shagon ƙera keke a shekarun 1880. Titi ne na unguwa kamar kowanne. Nan Frank Bowden, wanda ya tara kuɗi a Hong Kong ya dawo da rashin lafiya likita ya ce ya riƙa hawa keke, ya zo saye, ya ƙare da zuba jari har ya mallaki wurin.

Babbar masana'antar kamfanin da ke Lenton, wadda a lokacin ƙarfinta dubban mutane ke aiki a cikinta, babu ita. An daina haɗa keke a nan a 2002. Yanzu wani ɓangaren filin harabar jami'ar Nottingham ce, da tafki da agwagi da gine-ginen gilashi, ɗalibai na wucewa a kan kekunan da aka ƙera a Asiya. Tsohon ofishin kamfanin a Lenton Boulevard yana nan tsaye, a jikin bangonsa an sassaƙa wasu yara ƙanana suna haɗa keke.

Ko a nan ma takardar ba ta bar halinta ba. Giya uku da ke ɓoye cikin cibiyar wilin baya, wadda Raleigh ya yi suna da ita tun 1902, ana kiranta Sturmey-Archer. Masu bin diddigin tarihin kamfanin sun nuna cewa ainihin ƙirar ta William Reilly ce. Shi Reilly ya riga ya sa hannu da wani kamfani a yankin Manchester cewa duk giyar keke da ya ƙirƙiro tasu ce, don haka aka rubuta takardar da sunan abokin aikinsa James Archer, aka haɗa da na Henry Sturmey, ɗan jaridar keke mai suna wanda shi ma yake da tasa ƙirar. Ita ma wayar birki da ke tafiya cikin kwanso, da ake kira da sunan Bowden, mutane na ɗauka ta Frank ce. Ta wani Ernest Bowden ce, wanda ya yi mata rajista a 1896.

Sturmey-Archer ɗin kuma a shekarar 2000 wani kamfanin Taiwan, SunRace, ya saye shi, aka kwashe injunan aka tafi da su can. Sunan Raleigh kansa ya koma hannun wani kamfanin Holan a 2012. Na leƙa wani shagon keke a hanyata ta komawa tasha, na ga sabon Raleigh mai batir, kan zalɓen na nan a goshinsa. Na duba kuɗin da aka liƙa masa, na buga lissafi da naira, na gaishe da mai shagon na fito.